Kafin a ɗinka wa Nijar rigar kurket, a fara share fili a Tahoua

A watan Nuwamban 2024, a Legas, ƴan wasan kurket na Najeriya sun tara maki 271 a karawarsu da Kwaddibuwa. Da ƴan Kwaddibuwa suka karɓi sanda, aka fitar da su kakaf da maki 7. Shekara biyu kacal ke nan da shigar ƙasar cikin hukumar kurket ta duniya, ICC. Kafin su, a 2019, matan Mali sun je Kigali, Ruwanda ta fitar da su da maki 6, Yuganda kuma ta zuba musu 314. Waɗannan yara ba raggwaye ba ne, kuma ba su rasa kishin ƙasa ba. An sa musu rigar ƙasa ne alhali a gida ba su da gasar da za ta gasa su kafin a kai su gaban waɗanda suka daɗe a fagen.

Na kawo wannan ne saboda Nijar ba ta cikin ƙasashen ICC, kuma ƙofar shiga tana ƙara jan hankali. Tun daga 2019 duk wasan T20, wato gajeren samfurin kurket, da ƙasashe biyu na hukumar suka buga a tsakaninsu ana lissafa shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa. An buga kurket a wasannin Afirka na Accra a 2024, kuma zai koma wasannin Olamfik a Los Anjelas a 2028, karo na farko tun 1900. Duk ranar da wani ya tashi kafa wannan wasa a nan, abin da zai fara yi masa kyau a ido shi ne ofis a Yamai, da hatimi, da tawaga mai riga kore da ruwan goro da za a raka filin jirgi. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Gasar cikin gida ce ke haifar da tawagar ƙasa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba ma sai mun je Indiya koyon wannan ba. A nan Tahoua aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Kowa ya san yadda ɗan kokowa ke kaiwa ga takobi: daga dandalin ƙauye bayan girbi, zuwa zaɓen gunduma, zuwa na jiha, sannan kowace daga jihohi takwas ta fito da goma. Kafin mutum ya shiga cikin tamanin ɗin nan an kayar da shi, ya kayar, an san ƙarfinsa, an san inda yake da rauni, makaɗa ma sun san kirarinsa. Shi ya sa idan ƴan kokowarmu suka fita waje ba a raina su. Babu wanda ya taɓa tunanin ya tara samari goma masu ƙirar jiki, ya ajiye su sati uku a sansani, ya ce ga ƴan kokowar Nijar. Abin da ba za mu yi wa kokowa ba, bai kamata mu yi wa kurket ba, don kurket ya ma fi ta buƙatar lokaci.

Dalilin yana cikin ƙirar wasan. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Mai jifa yana jefa ƙwallo ta daki ƙasa ta nufi turaku uku da mai bugu ke karewa, tsakaninsu zirin fili mai tsawon mita 20.12. Jifa shida shi ne oba ɗaya. A wasan T20 kowane ɓangare yana da oba 20, wato ƙwallo 120, kuma mai jifa ɗaya ba ya wuce oba 4. Shi kuwa mai bugu, kuskure ɗaya ya ishe shi: aka fitar da shi, ya gama a ranar, ko da ƙwallon farko ce. Ɗan tamaula in ya ɓarar da dama zai samu wata bayan minti biyar. Ɗan kurket sai wani satin. A atisaye cikin raga ana iya fitar da yaro sau goma ya yi dariya ya gyara tsayuwa. A gasa ne kawai yake sanin nauyin kuskure ɗaya, ya koyi wace ƙwallo ake bari ta wuce, wace ake tarewa, wace ake kai wa duka. Wannan hukunci na daƙiƙa ɗaya ba ya shiga kai ta hanyar bayani.

A yi lissafi kaɗan. Ƙungiyoyi shida, kowace ta haɗu da kowace sau biyu, wasa 30 ke nan, kowace ƙungiya ta buga 10. Idan duk T20 ne, gwanin mai jifa zai jefa ƙwallo 240 a duk shekarar, in bai yi fashi ba. Mai bugu na shida ko na bakwai a jeri kuwa yana iya gama kakar bai fuskanci ƙwallo 60 ba, domin na gabansa sun cinye obobin. Ɗan wasan da ya ga ƙwallo 60 a shekara ba ya girma. Saboda haka nake ganin kuskure ne a gina gasar gida a kan T20 kaɗai don kawai shi ake bugawa a wasannin share fage na Afirka. A sa zagaye ɗaya ya zama na oba 40 ko 50, inda mai jifa zai samu oba 8 ko 10, ya koyi ɗana wa mai bugu tarko a hankali, mai bugu kuma ya koyi tsayawa awa biyu cikin rana yana gina maki. Manyan ƙasashe sun riƙe gasar kwana huɗu saboda wannan dalili. Ingila tana da gasar gundumomi tun 1890, yanzu da ƙungiyoyi 18. Ostireliya tana da Sheffield Shield tun 1892, yanzu da jihohi shida kawai. Indiya tana da kofin Ranji tun 1934, yanzu da ƙungiyoyi 38. Duk kuɗin da gasar IPL, babbar gasar T20 ta kulob-kulob a Indiya, ta kawo tun 2008 bai sa Indiya ta jingine Ranji ba, ko da yake sau da yawa kujerun ƴan kallo a wofi suke.

Amfanin farko na irin wannan gasa shi ne tana gano mutumin da ba wanda ya je nema. Mahendra Singh Dhoni ɗan Ranchi ne, garin da ba a san shi da kurket ba a lokacin, har ya yi aikin duba tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kharagpur. Ta wasannin jiharsa aka gan shi, kuma shi ya jagoranci Indiya ta ɗauki kofin duniya na T20 a 2007 da na oba 50 a 2011. Amfani na biyu, wanda aka fi mantawa, shi ne tana ajiye wanda bai nuna da wuri ba. Michael Hussey ya tara maki fiye da 15,000 a wasannin cikin gida kafin Ostireliya ta ba shi wasan Test ɗinsa na farko, wato wasan kwana biyar na ƙasa da ƙasa, a 2005 yana da shekara 30. Scott Boland yana da 32 aka kira shi a Disamban 2021 a filin Melbourne, filin da ya shafe shekaru yana jifa a kansa wa jiharsa, ya fitar da ƴan Ingila shida a kan maki 7. Da babu gasar da za ta riƙe su, da tuni sun kama wata sana'a. A ƙasar da sansanin horo ne kaɗai hanya, wanda ba a zaɓa ba yana ɗan 18 ya tafi ke nan.

Akwai misalin da ya fi waɗannan kusa da mu, kuma mai ɗaci ne. Kenya ta doke West Indies a kofin duniya na 1996, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2003. Amma wasan ya taru ne a ƴan kulob na Nairobi da Mombasa, bai yi jijiya a sauran ƙasar ba. Da zuriyar su Steve Tikolo, gwanin bugun Kenya, ta tsufa, ba a samu isassun masu karɓa ba, a 2014 Kenya ta rasa matsayinta na buga wasannin oba 50 na ƙasa da ƙasa. Wannan shi ne haɗarin tara komai a Yamai. Yamai za ta fi saurin samun fili da kaya da baƙi masu sanin wasan, amma wasan da bai wuce unguwanni uku na babban birni ba, tafiyar mutum biyar ta isa ta kashe shi.

To yaya za a fara a gari kamar Tahoua, da rana da yashi da ƙarancin ruwa? Zirin ciyawa irin na talabijin a manta da shi. Yana son ƙasa mai yumɓu, da ban ruwa kullum, da abin daddaɓewa mai nauyi, da mutumin da aikinsa ke nan. Abin da ya dace da mu shi ne daɓen siminti mai tsawon ziri, faɗinsa ya kai mita biyu zuwa uku, a shimfiɗa masa tabarmar igiyar kwakwa ko kafet na roba, a ja ta da ƙarfi a kafe gefunanta da ƙusoshi. Idan tabarmar ta saki ta yi ƙundu, ƙwallo za ta riƙa tashi ba tsari, yaro ya sha duka a yatsa ko haƙarƙari, daga nan ya fara ja da baya duk lokacin da aka jefo, kuma wannan tsoro yana da wuyar cirewa. Zirin ya miƙe daga arewa zuwa kudu, don kada rana ta shiga idon mai bugu da safe ko da la'asar. Inda mai jifa ke gudowa, kamar taku 15 zuwa 20 a kowane ƙarshe, dole a daddaɓe shi ya yi daidai da bakin simintin. In aka bar yashi ya zaizaye ya bar tudu, nan idon sawu ke gurɗewa. Turakun tsayinsu santimita 71.1 ne, faɗin ukun a jere 22.86, kuma kowane kafinta a kasuwa zai iya fere su, a dasa su a gindin katako tunda siminti ba ya karɓar turke.

Ƙwallo ita ce babbar matsala. Ta manya tana da nauyin giram 156 zuwa 163, ciki toto, waje fata mai ɗinki. A kan ciyawa tana kai oba 80. A kan tsakuwa da jar ƙasa fatar na kwailewa da wuri, ɗinkin ya lafe, sai mai jifa da sauri ya rasa abin da zai sa ta karkata. Ga yara ƴan ƙasa da 13 babu buƙatarta ma. A Pakistan an daɗe ana naɗe ƙwallon tanis da salatif na wayar lantarki ana bugawa a lunguna, kuma da dama daga masu saurin jifansu daga nan suka taso. Tana da arha, ba ta buƙatar hular kwano ko matashin ƙafa, kuma za a iya bugawa a filin makaranta. Amma tana da illa da ya kamata a sani: ba ta da nauyi, don haka yara kan saba da lanƙwasa gwiwar hannu su wurga ta kamar mai jifan kurciya. A dokar kurket hannu a miƙe yake juyowa, kuma ba a yarda gwiwar ta warware fiye da digiri 15 ba. Yaron da aka bari da wannan ɗabi'a har ya kai 17, ranar da ya fita waje za a dakatar da shi, a ce ya koma ya sake koyon jifa daga farko. Alƙalin gasar gida da ya kau da kai don yaron yana fitar da mutane, ya cuce shi. Daga shekara 14 a koma ƙwallo mai tauri, da hular kwano ga mai bugu da mai tsaye bayan turaku, ba tare da sassauci ba.

Haka kuma a ƙayyade wa yara jifa. Ƙa'idar da Ingila ta bi a shekarun baya ga masu jifa da sauri ita ce: ɗan 13 zuwa ƙasa kada ya wuce oba 5 a jere, 10 a yini, ɗan 14 da 15, oba 6 a jere, 12 a yini, ɗan 16 zuwa 19, oba 7 a jere, 18 a yini. Dalili shi ne ƙashin ƙugu da bai gama ƙwari ba yana tsagewa saboda yawan murɗawa, kuma yaron da ya fi kowa kyau shi ne mai horo ke son ya yi ta jifa har magariba.

Lokacin gasa a wurinmu bai da gardama. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, mutum da hular kwano da matasan ƙafa ba zai jure ba. Damina ta gona ce, Yuni da Yuli kuma na jarrabawa. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, kamar sati 16, kuma wasa 30 na shiga ciki in ana buga biyu kowane ƙarshen mako. A fara da hantsi, a bar ƙurar hunturu ta ɗan kwanta, domin jar ƙwallo kan ɓace a cikin hazo. Fara ta fi ganuwa, in aka rataya baƙin ƙyalle a bayan mai jifa. Shekarun da azumi ya faɗo cikin kakar a tsara jadawalin da shi tun farko. Sai kuma abin da duk Ba'adare ya sani: bayan girbi samari na tafiya cin rani, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu arewa. Ƙungiyar da aka gina a kan samarin fada kaɗai za ta wayi gari a Janairu da mutum bakwai. Shi ya sa ƙungiyoyin farko suka fi dacewa su zama na makarantu, sakandare da jami'a, inda ɗalibi ke zaune har ƙarshen shekarar karatu, kuma kowace ta yi rajistar mutum 16, ba 11 ba.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma wanda ya fi komai arha, shi ne littafin maki. Kurket wasa ne da ake rubuta kowace ƙwallo: wa ya jefa, wa ya buga, maki nawa, ta yaya aka fita. Daga nan ake fitar da matsakaicin makin mai bugu a duk fita ɗaya, da yawan makin da yake ci a ƙwallo 100, da makin da mai jifa ke bayarwa a kowace oba. Gasar da ba a rubutawa wasan banza ce wajen zaɓe. Ranar fitar da tawaga sai a koma ga wanda mai horo ya sani, da ɗan wane, da wanda ya yi duka ɗaya mai kyau ranar da manyan baƙi suka zo. Idan akwai littafi, yaro daga Madawa ko Ƙonni da ba shi da kowa a Yamai yana da mai yi masa magana. Kowane wasa ya kasance da masu rubutu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su daidaita lissafi a ƙarshen kowace oba, alƙalai su sa hannu, a ɗauki hoton shafin a tura wa kowa a WhatsApp a ranar. Akwai manhajojin waya irin su CricHeroes da ke yin wannan, amma takarda ba ta mutuwar batir. A haɗa da takardar haihuwa tun ranar rajistar farko, a ajiye kwafi. Satar shekaru tana cin kofin yara a bana, ta bar ƙasa da ɗan 24 da aka ɗauka ɗan 18 ne, wanda ya riga ya gama girma, bayan ya tare wa ƙanana biyu hanya.

Wata ɓarna da ke kashe ƙananan gasa ita ce ƙungiya ɗaya ta kwashe gwanaye duka. Tana cin kowa cikin awa ɗaya, masu bugunta na tsakiya ba sa ko ɗaura matashi, sauran ƙungiyoyi su karaya su daina zuwa. Gara a raba gwanayen da gangan a shekarun farko, ko da masu kulob sun yi ƙorafi. Ostireliya da ƙungiyoyi shida kawai ta daɗe tana fitar da zakaru, domin samun gurbi a cikinsu yaƙi ne, kuma babu wasa mai sauƙi.

Nisa ma abin lissafi ne. Daga Tahoua zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ba za a yi ta kai da kawo kowane sati da mutum 16 ba. Kowane gari ya yi gasarsa, sannan sau ɗaya a shekara zaɓaɓɓun jihohi su haɗu a gari guda na kwana biyar ko shida, ana juya masaukin kamar yadda ake yi da takobi. Bayan wannan akwai matakin da Namibiya da Afganistan suka taka. Namibiya ta yi shekaru tana buga gasar larduna ta Afirka ta Kudu kafin ta doke Siri Lanka a kofin duniya na T20 a 2022. Afganistan ta fara da shiga ƙaramin rukunin gasar cikin gida ta Pakistan a 2001, ta kafa nata gasannin, ta zama cikakkiyar mamba ta ICC a 2017, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na T20 a 2024. Mu maƙwabciyarmu Najeriya tana cikin ICC tun 2002, samarinta ƴan ƙasa da 19 sun je kofin duniya a 2020, ƴanmatanta kuma sun doke Niyu Zilan da maki 2 a Malesiya a Janairun 2025. Zaɓaɓɓun Tahoua su fara neman karawa da wata ƙungiyar makaranta ko ta jiha a can, harshe ɗaya, mota ɗaya. In sun sha kashi a can, an sha shi inda ake koyo, ba a rubuta shi a tarihin duniya ba.

Nasarar ƴanmatan Najeriya tana da wani darasi. A ɓangaren mata ratar da ke tsakanin ƙasashe ba ta kai ta maza faɗi ba, kuma kurket wasa ne da ba a cakumar juna, ana buga shi da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali. Iyaye da yawa da ba za su bar ɗiyarsu ta buga tamaula ba za su iya yarda da wannan, musamman in a harabar makaranta ne kuma malama ce ke kula. Gasar ƴanmata ta fara rana ɗaya da ta maza, da ƙwallonsu mai giram 140 zuwa 151, kada a ce sai an ga yadda ta maza ta kaya.

Na san abin da wani zai ce: ƙasar da ƙungiyoyin tamaularta ke fama da kuɗin mota, ina ita ina wasan Ingilishi? Tambayar tana da nauyi, kuma ban ce a cire ko dala ɗaya daga kokowa ko Mena, tawagar tamaular ƙasa, a ba kurket ba. Hasali ma hujjata ita ce hanyar da nake faɗa ta fi arha. Tikitin jirgi da masauki na mutum 18 zuwa gasa ɗaya a waje kuɗi ne da za a kashe cikin sati guda a dawo da labarin maki 7. Daɓen siminti biyu, tabarmi biyu, jakar kaya ɗaya ga kowace ƙungiya da ƴan wasa za su riƙa karɓa-karɓa, alƙalai shida da masu rubutu shida da aka horar, waɗannan suna nan shekara da shekaru. Wasu kuma za su ce a nemo ƴan asalin ƙasashen kurket mazauna nan su cike tawaga. A matsayin masu koyarwa da abokan karawa, ana maraba da su, kuma da su za a fi saurin koyo. Amma zanen aro ba ya rufe katara: kwangilar aikinsu na ƙarewa su tafi.

Ma'aunin da zan ba duk mai son kafa wannan wasa shi ne kaka uku cikakku a jere, a garuruwa biyu aƙalla, da littafin maki da ba a tsallake wasa ko ɗaya ba, da yaran da suka shigo suna ƴan 13 suka kai 16 suna riƙe da ƙwallo mai tauri. In an samu wannan, a buɗe littafin a karanta sunaye 14 na sama, sannan a kira tela.